Wayar dan okada da madubin da ba a so ya motsa

Ranar Talata wani dan okada ya shigo shago da waya a hannu, dan gida ne daga can wajen Sakkwato, ko sallama bai karasa ba ya ce Injiniya don Allah duba min kyamarar nan, kamar mai iskokai. Na karba na bude, hoton sai rawa yake kamar an kada ruwa a kwano, ga wani dan zuzzz da take yi in ka kara ta a kunne. Ban ma dauko sukudireba ba na ce masa a kan mashin kake daure ta ko? Ya ce eh mana, saboda taswira. Na ce to ga aljanin nan. Wayoyin nan masu tsada gilashin kyamararsu ba a kafe yake ba, a rataye yake da 'yan siraran karafa da maganadisu, in hannunka ya girgiza sai shi kuma ya goce daya gefen don hoto ya tsaya cak, to girgizar inji ta yini guda kullum kullum a titunan Legas ita ke lalata wannan ratayar.

Abin da ya sa na kawo labarin nan, a makon nan din na dukufa karatu kan na'urorin hangen nesa da ake harbawa sama don daukar hoton duniyoyin da ke zagaya wasu taurari. Ni dama tun ina yaro a kauyenmu na Katsina nake da jarabar kallon sama, can da daddare zaka ga Zara ka ga kaza da 'ya'yanta tas, nan Agege kuwa in ka ga wata da taurari biyar ka gode Allah, sai fa ranar da aka dauke wuta unguwa duka kafin janaretoci su tashi. To da na shiga karatun sai na ga ashe babbar matsalar mutanen nan irin tawa ce ta kan teburin gyara a Computer Village, wato abu ya tsaya wuri daya kar ya motsa. Sai dai tasu ta wuce hankali.

Bari in dan koma baya. Tun 1995 da wasu Turawan Suwizalan biyu, Michel Mayor da Didier Queloz, suka gano duniya ta farko mai zagaya tauraro irin ranarmu, yanzu adadin wadanda aka tabbatar ya kai 6,000. Amma kusan dukansu ba ganinsu aka yi ba. Ko dai an ga hasken tauraro ya dan rage lokacin da duniyar ta gifta ta gabansa, ko an ga tauraron yana dan layi saboda tana jansa. Kamar ka ga labule ya motsa ka ce akwai mutum a daki. Wadanda aka dauki hotonsu da gaske ba su kai 100 ba, na farko a 2004 daga kasar Chile, sai wasu uku a 2008 kusa da tauraron da ake kira HR 8799 daga baya aka ga ta hudu, kuma kusan duk manya-manya ne sun fi Jupita, babbar cikin duniyoyin da ke zagaya ranarmu, sabbi ne har yanzu da zafinsu suna haskawa da kansu, sannan sun yi nesa da taurarinsu. Ko na'urar James Webb da ake ta yabo, duniyar farko da ta dauka a 2022, HIP 65426 b, irin wadannan ce, nisanta da tauraronta ya ninka namu da rana kusan sau 100, kuma tauraron ya fi ta haske kamar sau 10,000 ne kawai.

Na ce kawai ne da gangan. Don abin da ake nema da gaske shi ne duniya karama ta duwatsu irin tamu, kuma ranarmu ta fi duniyarmu haske kusan sau biliyan 10 a irin hasken da ido ke gani. Biliyan goma fa. Ko mutanen duniya kaf, mu biliyan 8 da 'yan kai, kowa ya kunna tocila muka tara su a wuri daya, kai kuma aka ce ka gano tocila daya tilo a gefe, to lissafin bai ma cika ba. Kuma gefen ba wani gefe bane, na zauna da kalkuleta na buga, in tauraron yana nisan shekarun haske 33, wato tafiyar da haske ke yi a shekara 33, ratar da za a gani tsakaninsa da duniyar daidai take da ka tsaya a Legas ka hango abubuwa biyu a Kano da ke tsakaninsu kamu daya.

Dabarar farko kowa ya santa. Duk wanda ya taba tuki da dare a hanyar Ibadan tirela ta dalle shi da fitila ya san yadda ake daga hannu a kare ido don a ga gefen titi. Wani Bafaranshe Bernard Lyot ya kera na'urar da ke yin haka a shekarun 1930 don ya kalli gefen rana ba sai ya jira husufi ba, ana ce mata koronagiraf, ni dai makari nake ce mata. Dan tabo ne a cikin na'urar da ke rufe fuskar tauraro. Ni da na karanta wannan na ce ai shikenan magana ta kare, a kera babban madubi a sa makari a harba.

Ashe ko farawa ba a yi ba.

Haske ba kamar tsakuwa yake tafiya ba, igiya-igiya yake zuwa, sahu bayan sahu, kuma makarin nan ba tare hasken yake kamar bango ba, aikinsa ya dogara ne da sahun ya iso a mike sambal ta yadda igiyoyin za su kashe junansu. In madubi yana da dan tudu ko dan kwari komai kankantarsa sai wani bangare na sahun ya riga wani isowa, daga nan hasken tauraro ya sulale ta gefen makari ya watsu a hoto dige-dige. Abin haushin kuma kowane digo kamarsa daya sak da duniyar da ake nema, girma daya, kuma sau da yawa ya fi ta haske nesa ba kusa ba. Babu kuma madubin da dan Adam zai goge ya fito ba tabo ko daya. Na na'urar hangen nesa ta Hubble da aka harba a 1990 kuskuren gogewar da aka yi masa kusan maikiron 2 ne, wajen kashi daya cikin 50 na kaurin gashi, amma hotuna suka rika fitowa dishi-dishi har sai da 'yan sama jannati suka je a Disambar 1993 suka sa masa tabarau.

Maganin da suka samo ya burge ni matuka don irin tunanin mai gyara ne, in ba za ka iya hana matsala ba to ka sa abin da zai rama. Ana sa wasu kananan madubai masu lankwasuwa a hanyar hasken, bayan kowanne akwai dubban 'yan turaku da lantarki ke sa su mike ko su takure, sai kwamfuta ta rika tura nan ta ja can kadan kadan tana duba hoto tana sakewa, har sai dige-digen sun mutu a wani dan fili kusa da tauraron. Su da kansu ramin duhu suke ce wa filin, kuma tonawa suke cewa ana yi, don awanni ake dauka kafin ya yi zurfin da ake so. A cikin wannan ramin ne ake fatan duniyar ta bayyana.

To nan ne maganar ta zo inda nake so. Ka tona ramin, amma duniyar nan haskenta digo-digo yake zuwa kamar famfon da ruwa ya kusa daukewa, dole kyamara ta zauna a bude awanni da yawa wani lokaci kwanaki tana tarawa. Duk tsawon wannan lokacin ba a so komai ya gusa. Adadin da masu aikin ke ta maimaitawa shi ne kada sahun hasken ya sauya da fiye da pikomita 10 a cikin kamar minti 10. Pikomita kuwa in ka raba mita gida tiriliyan daya ka dauki daya. Kwayar zarrar haidurojin fadinta kusan pikomita 100 ne, kenan ana maganar kashi daya cikin goma na kwayar zarra a madubin da ya kai mita 6. Yarona na shago da na gaya masa ya ce Oga wannan ai karya ce, na ce zo mu lissafa. Ka dauki silin gashi daya, ka kumbura shi har kaurinsa ya kai tsawon gadar Third Mainland, kilomita 11.8 tun daga Oworonshoki har cikin Island, to pikomita 10 a wannan ma'aunin bai wuce kwayar gero daya ba. Ya yi shiru ya ci gaba da goge sikirin.

Me ya sa minti 10? Don ba wai madubin zai daskare har abada bane, akwai na'urori da ke auna gocewa suna gyarawa, amma su ma da hasken tauraron suke aunawa kuma sai sun tara isasshe kafin su gane abin da ya sauya. Tsakanin awo da awo ne ake so madubin ya rike kansa.

Abokin gaba na daya zafi ne. Gadar da na ambata, duk mai bin ta ya san wuraren nan da taya ke yin gaf gaf, mahadai ne da aka bari da gangan don gada tana mikewa da rana ta takure da dare, su ne ma aka rufe gadar ana canzawa a 2020 muka sha go-sulo har muka gode Allah. Karfe mai tsawon mita daya in zafi ya karu da digiri daya tak yana karuwa da kamar maikiron 12, wato pikomita miliyan 12, ya ninka abin da aka yarda da shi fiye da sau miliyan. Shi ya sa ba a ma maganar karfe, akwai gilasai na musamman irin Zerodur na Jamus da ULE na Amurka da kusan ba sa jin zafi, amma ko su sai an kewaye su da hita da ma'aunai an rike zafinsu kar ya yi sama ko kasa da kusan kashi daya cikin dubu na digiri. Hubble da yake zagaya duniya duk minti 95 yana shiga rana yana fita, saitinsa na dan gaba na dan baya a kowane zagaye, har injiniyoyinsa suka sa wa abin suna numfashi. Wannan na daga cikin dalilan da aka kai Webb can nisan kilomita miliyan 1.5 aka ba shi laima mai hawa biyar girman filin tanis. Amma ko a can, da zarar ka juya na'urar daga wannan tauraro zuwa wancan to yadda rana ke dukanta ya canza, wani gefe ya fara dumi wani ya fara hucewa a hankali, kuma dama ramin duhun a kan tauraro mai haske sosai ake fara tona shi don ya yi sauri sannan a juya zuwa wanda ake so, kaga juyawar da kanta tana iya fara cike ramin da ka sha wahalar tonawa.

Na biyu girgiza, nan kam ni malami ne. In ina dora karamin aisi, 'yar kwakwalwar lantarkin nan, a kan bod din waya a karkashin madubin kara girma, makwabcina ya ta da janareto, abin da ido bai gani a tebur a cikin madubin sai ka ga bod din na tsalle kamar danfo a hanyar Mile 12, jirgin kasa in ya wuce ta Ikeja kuwa sai dai in daga hannu in jira. A sama babu janareto amma akwai tayoyi. Na'urar ba ta da abin dogarawa ta juya, don haka akwai tayoyi masu nauyi a cikinta da ke juyawa da gudu, in aka kara musu gudu jikin na'urar sai ya juya daya bangaren. Taya kuwa komai kyan balas dinta sai ta yi dan kadawa, kuma babu iska babu kasa da za su shanye girgizar, sai ta bi jikin na'urar har madubi. Ana dora su kan abin tsotse girgiza, kamar yadda na yanka tsohon silifas na sa a kafafun teburina, sannan akwai dan madubi mai saurin motsi da ke rama abin da ya tsallake, aikinsa daya da na kyamarar dan okadan nan. Wasu kuma na ganin a bar tayoyin gaba daya lokacin daukar hoto, a yi amfani da 'yan bututu masu fesa iska kadan kadan, kamar yadda na'urar Gaia ta Turai da aka harba a 2013 ta yi aikinta ba taya ko daya.

Akwai kuma na ukun da ni ya fi ba ni tsoro don ba ka san lokacinsa ba. Kayan da aka hada jikin na'urar da su suna fitar da danshin da suka sha a kasa su rika takurewa sannu a hankali, mahadai na yin dan kas kamar kwanon rufi in la'asar ta yi, an ga irin haka a Webb inda bangare daya na madubi zai dan karkace farat daya. Ga tsakuwoyin sama, a Mayun 2022 wata 'yar mitsitsiya ta bugi daya daga cikin bangarori 18 na madubinsa ta bar tabon da bai gyaru duka ba. Webb din fa ya fi yadda aka zata natsuwa, duk bayan 'yan kwanaki ake auna madubinsa, amma gocewarsa da nanomita ake lissafa ta, nanomita daya kuma pikomita 1,000 ne. Shi ya sa ake ta muhawara, madubi guda dunkulalle wanda ya fi natsuwa amma sai rokar da za ta dauke shi, ko mai bangarori da za a nade amma kowane bangare sai an sa masa ma'auni a gefe da hasken leza yana gadinsa dare da rana.

Wani zai ce to ba sai a goge dige-digen da kwamfuta ba? Ana yi, kuma dabarar tana da dadi. In kura ta shiga gilashin kyamara, tabon yana wuri daya a kowane hoto ko ya ka juya wayar, abin da kake dauka ne ke juyawa. Haka suke yi, su dauki hoto, su dan mirgina na'urar su sake dauka, dige-digen madubi sai su bi na'urar, duniyar gaske kuma ta tsaya inda take a sama, a debe wannan daga wancan. Amma kaga sharadin, sai in tabon bai canza ba tsakanin hoton farko da na biyu. Tabon da ke zaune ba matsala bane, wanda ke yawo shi ne bala'i, don in ka debe sai ya bar saura, sauran kuma wani ya tashi ya yi shelar ya gano sabuwar duniya alhali madubinsa ne ya yi dumi.

Ni a ganina gwajin da ya kamata a zuba wa ido shi ne na na'urar Nancy Grace Roman ta hukumar NASA, mai madubi mita 2.4 kamar na Hubble. Tana dauke da makari mai madubai masu lankwasuwa guda biyu, kowanne fadinsa santimita 5 kacal amma da turaku sama da 2,000 a bayansa, kuma a matsayin gwaji aka sa shi, ba a ce zai ga duniya irin tamu ba, in an yi sa'a dai ya hango irin Jupita da hasken da take maidowa na tauraronta. Babban da ake buri, Habitable Worlds Observatory, wanda kwamitin masana na Amurka ya ba da shawararsa a 2021, madubi wajen mita 6, burinsa ya duba duniyoyi akalla 25 masu kama da tamu, sai shekarun 2040. Hotunan zane da ake yadawa na yadda zai kasance ba sa dada ni da kasa, ba girin-girin ba dai ta yi mai, kuma aikin da zai ci biliyoyin daloli na shekara 20 gwamnatoci nawa zai wuce ta hannunsu. Abin da ke sa ni ban ce tatsuniya bace shi ne na'urar gwaji ta LISA Pathfinder da Turai ta harba a 2015 ta auna tazarar wasu curin zinare da falatinam biyu a cikinta har matakin pikomita, kenan aunawa mai yiwuwa ce, rike katon madubi ne ya rage. Akwai ma masu cewa a fitar da makarin waje gaba daya, a yi katuwar laima mai siffar fure ta tsaya dubban kilomitoci a gaban na'urar ta yi mata inuwa, sai madubi ya huta da wannan takura, amma kuma sai ka koma rike jirage biyu a layi daya da kona mai duk lokacin da za a canza tauraro.

Jiya da yamma muna shirin rufewa yaron nan ya sake tado maganar, ya ce Oga to in sun gama duk wannan wahalar me za a gani, teku da gari? Na ce digo daya za a gani, ko fasali babu. Ya ce digo? Na ce eh, amma za a raba hasken digon kala-kala kamar bakan gizo, inda iskar okisijin take sai a ga gibi a wajen ja, tururin ruwa da iskar mesen su ma kowanne da nasa gibin, daga nan a fara gardamar ko akwai mai numfashi a can. Ya kirga da yatsu ya ce lokacin yana da shekara arba'in da wani abu, ya ce ni kuma fa, na ce masa ya miko min fulas ya bar lissafin.

Dan okadan ya dawo ya karbi wayarsa, sabuwar kyamara na sa masa, na ce ya rika sa ta a aljihu ya sayi wata 'yar karama ta taswira. Ya ce to Injiniya, ya fita ina kallonsa ta kofa ya daure ta a kan mashin ya tayar.